Tsohon Kwanso, Sabon Harsashi: Fasahar Juya Harsashin Farauta da Matsayin Maƙeri da Maharbi a Yankin Tsibiri, Jihar Zamfara

Maƙalar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani kan sana'o'in gargajiya da zaman lafiya

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin wata fasaha da ta bunƙasa a tsakanin mafarautan Amurka, Ingila da Ostareliya, wato ɗaukar kwanson tsohon harsashin farauta a sauya masa siffa domin a samu sabon harsashin da babu kamfanin da ke ƙera irinsa. An bi sawun dalilan da suka haifar da fasahar, sannan aka dawo gida aka duba abin da ya hana ta kafuwa a ƙasar Hausa, duk da cewa maƙeran Afirka ta Yamma sun nuna irin wannan basira tun ƙarni na 19. An ɗauki yankin Tsibiri, tsakanin Talata Mafara, Bakura da Maradun, a matsayin madubi. Matsayar maƙalar ita ce, abin da ya raba maƙerin can da na nan shi ne awo, gwaji da amincewar doka, kuma rashin waɗannan uku ne ya bar sana'ar maƙeri da ta maharbi cikin duhu, inda take cutar da masu ita, take kuma jawo musu zargi.

1.0 Gabatarwa

A yankin Talata Mafara, Bakura da Maradun, in aka ambaci harsashi a yau, tashin hankali ne ke fara zuwa zuciyar mai sauraro. Fiye da shekara goma ke nan ƙauyukanmu suna fama da 'yan bindigar da ke fitowa daga dazuzzuka irin su Sububu, har ta kai manomi ba ya zuwa gonarsa hankali kwance. Don haka duk wanda zai yi magana a kan wannan batu a gaban malamai da iyayen ƙasa, wajibi ne ya bayyana manufarsa tun farko. Babu koyar da haɗa makami a cikin wannan maƙala. Abin da ke cikinta tarihi ne, da doka, da nazarin sana'a.

Kafin wannan fitina, bindiga tana da wata rayuwa a ƙasar Zamfara. Akwai maharbin da ke tsare gona daga gadu da biri, ya kawo naman zabo da fakara kasuwa. Akwai 'yan bindigar sarki da ke cika gari da ƙara da hayaƙi ranar hawan salla. Bayan su duka akwai maƙerin da ke gyara kunama idan ta saki, ya sauya ƙota idan ta tsage. Waɗannan mutane suna nan har gobe, sai dai an daina ganin su da idon da ake ganin su a da.

Maƙalar za ta amsa tambayoyi uku. Mene ne juyayyen harsashi, kuma me ya haife shi? Me ya sa maharbin Hausa ya tsaya a kan bindigar toka alhali takwaransa na wasu ƙasashe ya kai ga tsara harsashin kansa? Wane darasi ne ke cikin wannan tarihi ga yankinmu a halin da yake ciki? An dogara ga rubuce-rubucen masana tarihi, da nassin dokokin Nijeriya da na ECOWAS, da abin da ido ke gani a maƙera da kasuwanni.

2.0 Sassan Harsashi da Ma'anar Juya Kwanso

Harsashin zamani sassa huɗu ne: kwanso, albarushi, ƙwayar da ke fita ta sami dabba, da ɗan maƙyastin da ke manne a gindi. In mutum ya ɗora kwanson raifal a tafin hannunsa, zai ga gindi mai kauri da aka buga wa haruffa da lambobi, sai jiki mai ɗan tsawo, sai kafaɗa inda ya fara tsukewa, sai wuya inda ƙwaya ke zama. Da an harba, albarushi ya ƙone, ƙwaya ta tafi, maƙyasti ya mutu. Kwanso kaɗai ke saura, kuma shi ne mafi tsada da wuyar ƙira a cikin huɗun.

Galibin kwanson farauta da tagulla ake yin sa, saboda tagulla tana buɗewa lokacin harbi ta toshe hanyar hayaƙi kada ya dawo fuskar maharbi, sannan ta ɗan koma yadda take har a iya zare ta. Wannan laushi nata shi ya ba da damar sake cika kwanso, shi kuma ya ba da damar sauya masa siffa. Mai juya harsashi yakan tsuke wuyan kwanso don ya riƙe ƙaramar ƙwaya mai gudu, ko ya faɗaɗa shi don ya riƙe babba mai nauyi, ko ya gajarta jikin, ko ya miƙar da kafaɗar don ya ƙara wa cikin faɗi. Daga nan sai maƙerin bindiga ya rarake bututu daidai da sabuwar siffar. Aikin ya yi kama da na telan da aka kawo wa babbar rigar uba ya rage ta ta dace da ɗa: yadin na da ne, ɗinkin sabo. Abin da ya fito shi Amurkawa ke kira wayilkat, a nan kuma za mu kira shi juyayyen harsashi, kwanson da aka samo shi daga gare shi kuma uwar kwanso.

Dalilin dogara ga uwar kwanso a fili yake. Fitar da sabon kwanso daga curin tagulla aikin manyan injinan masana'anta ne. Ga shi kuma gindin tsohon kwanso ya riga ya dace da bindigogin da ke hannun jama'a, an kuma san iyakar ƙarfinsa bayan shekaru ana aiki da shi.

3.0 Abubuwan da Suka Haifar da Fasahar

3.1 Buƙatar maharbi

Kowace dabba da irin harsashin da ya dace da ita. Wanda zai kayar da ɓauna zai yi kaca-kaca da naman gada, wanda ya dace da gada kuma zai fusata ɓauna ne kawai. A Amurka, harsashin soja mai suna .30-06, wanda aka fara aiki da shi a 1906, ya yi yawa ya kuma yi araha bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai ya zama uwa ga 'ya'ya da dama. An tsuke wuyansa aka sami .25-06 don ƙananan dabbobin fili, an faɗaɗa shi a 1922 aka sami .35 Whelen don manyan dabbobin kurmi. Haka aka juya kwanson 7x57 Mauser na Jamus aka sami .257 Roberts, aka juya .250 Savage aka sami .22-250.

Abin lura shi ne inda waɗannan harsasai suka ƙare. Kamfanin Remington ya karɓi .257 Roberts a 1934, ya karɓi .22-250 a 1965, ya karɓi .25-06 a 1969, ya karɓi .35 Whelen a ƙarshen shekarun 1980. Wato ɗan ƙaramin shagon maƙeri ya zama ɗakin gwaji ga masana'anta: abin da ya yi shekaru yana aiki lafiya a daji, sai a auna shi, a rubuta ma'auninsa, a shigar da shi kasuwa.

3.2 Zafin Afirka da manyan kwanso

Nahiyarmu tana da hannu a wannan tarihi ta wata hanyar da ba a cika faɗa ba. A ƙarshen ƙarni na 19 Ingila ta koma amfani da albarushi marar hayaƙi mai suna kodayit, wanda ke ƙara ƙarfi idan ya sha zafi. Harsashin da ke aiki lafiya a sanyin Landan yakan iya maƙalewa cikin bindiga a irin zafin bazarar da muka sani a Mafara, lokacin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40. Maƙalewar kwanso a gaban giwa ko zaki kuwa mutuwa ce. Saboda haka kamfanonin Landan suka tsara manyan kwanso masu yalwar ciki da jiki mai santsin fita, don matsin ya yi ƙasa. Daga nan aka sami .404 Jeffery a farkon ƙarni na 20, wanda ma'aikatan kula da namun daji na Gabashin Afirka suka daɗe suna riƙewa, da .416 Rigby a 1911, da .375 na kamfanin Holland & Holland a 1912.

Da aka samu albarushin da bai damu da zafi sosai ba, sai wannan yalwa ta zama taska. Roy Weatherby ya gina kamfaninsa a 1945 a kan juya kwanson Holland & Holland. Jack Lott, wanda ɓauna ta raunata a Mozambik a 1959, ya koma ya tsara .458 Lott a 1971 daga kwanson .375, don ya ga harsashin da ya riƙe a ranar bai ishe shi ba. Kwanson .404 Jeffery ya haifi .300 Remington Ultra Magnum a 1999. Na .416 Rigby kuwa ya haifi .338 Lapua Magnum a shekarun 1980, wanda aka tsara domin gwanayen harbi na soja. Wannan misali na ƙarshe ya isa tunatarwa cewa tsakanin kayan farauta da kayan yaƙi babu katanga mai tsawo, shi ya sa hukuma ba ta taɓa kau da ido daga wannan sana'a ba a ko'ina.

3.3 Doka

Dalili na uku shi ya fi kusa da mu. A 1907 Turawan Ingila suka hana shigar da harsashi mai faɗin .450 ƙasashen Indiya da Sudan, don gudun kada ya faɗa hannun masu adawa da mulkinsu, waɗanda ke riƙe da tsofaffin bindigogin Martini-Henry. Kamfanonin Landan suka amsa da sababbin harsasai masu faɗin da dokar ba ta ambata ba, mafi shahara .470 Nitro Express, wanda aka samo daga kwanson .500. A Ostareliya ma, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, bindigogin Lee-Enfield na soja sun cika hannun manoma, jihar New South Wales kuma ta taƙaita mallakar raifal mai cin harsashin soja. Sai maƙera suka tsuke wuyan .303 suka fitar da .303/25 da .303/22, aka sauya wa bindigogin bututu, suka zama halattattun kayan farauta. A waɗannan wurare doka ta rufe ƙofa ɗaya ta bar wata a buɗe, kuma ta buɗaɗɗiyar aka bi a gaban idon hukuma.

4.0 Basirar Maƙeran Afirka ta Yamma a Ƙarni na 19

Kada a ɗauka wannan hikima ta Turawa ce su kaɗai. Joseph Smaldone, a littafinsa na 1977 kan yaƙi a Daular Sakkwato, ya nuna cewa baka da kibiya, mashi da takobi da doki su ne ƙashin bayan yaƙin jihadi, bindiga kuma sai a ƙarshen ƙarnin ta fara yawa. Amma a maƙwabta an yi nisa. A Damagaram, Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya tara dubban bindigogi, maƙeransa a Zinder suna haɗa albarushi suna kuma zuba igwa. A can yamma, maƙeran Samori Ture sun kai ga kwaikwayon bindigar Gras ta Faransa, mai cin harsashin kwanso, dakarunsa kuma suna tsince kwanso a fagen fama a kai maƙera a sake cikawa. Haka Mahadiyyawan Sudan suka yi da kwanson bindigogin Remington a ma'ajiyar makamansu ta Omdurman.

Waɗannan misalai sun nuna cewa maƙerin Afirka ya fahimci darajar kwanso a daidai lokacin da takwaransa na Amurka ya fahimce ta. Ya riga ya taka matakin farko, wato sake cikawa, wanda daga shi ake hawa zuwa juyawa. Abin da ya katse tafiyar shi ne mamaya. An kama Samori a 1898, Faransawa suka karɓe Zinder a 1899, Kano ta faɗi a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris na shekarar. A nan ƙasar Zamfara, kusa da Kwatarkwashi, a Fabrairun 1903, mahayan Kano ƙarƙashin Waziri Ahmadu suka yi ta kai sukuwa a kan 'yar ƙaramar rundunar Turawa mai bindigogin kwanso, Wazirin ya rasu a wurin tare da jarumai da yawa. Tun daga ranar ya bayyana cewa wanda ke da harsashin kwanso shi ke da ƙasa, kuma sababbin masu mulki ba su yi sake da wannan sirri ba.

5.0 Dokokin da Suka Tsayar da Maharbi a Kan Bindigar Toka

Tun kafin mamaya ta kammala an shimfiɗa tsarin. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani da harsasansu a faɗin yankin da ke tsakanin digiri 20 arewa da digiri 22 kudu, yankin da ƙasar Hausa gaba ɗayanta ta faɗa ciki. Abin da aka bari a sayar shi ne bindigar ɗuri marar zane a bututu, da albarushin kasuwa. Wato a shekarun da Bature ke zuwa Afirka da .375 da .416, an ɗaure ɗan ƙasa a kan fasahar da Turai ta riga ta yi watsi da ita.

Dokar Makamai ta Nijeriya ta 1959, wadda har yanzu ake aiki da ita, ta gaji wannan tsari. Ta kasa bindigogi kashi uku. Kashi na farko haramtattu ne sai da lasisin Shugaban Ƙasa, a cikinsu har da raifal mai faɗin milimita 7.62, milimita 9, inci .300 da inci .303. Kashi na biyu, wanda ya ƙunshi bindigar harbin tsuntsu da raifal na farauta mai faɗin da ba na soja ba, yana hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Kashi na uku shi ne bindigogin ɗuri irin na gargajiya, lamarinsu yana hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha.

A nan akwai abin mamaki. Dokarmu ta yi hani da faɗin harsashi, kamar yadda ta New South Wales ta yi, amma sakamakon ya bambanta. Dalili kuwa biyu ne. Na ɗaya, ba a taɓa sakin tsofaffin raifal na soja ga manoman Nijeriya ba, don haka babu uwar kwanso a hannun jama'a. Na biyu, dokar ta keɓe ƙera bindiga da harsashi ga ma'ajiyar makaman gwamnati, in ban da izini na musamman da ake iya bayarwa don gyara, ko don ƙera bindigar ɗuri. Da aka kafa masana'antar makamai ta DICON a Kaduna a 1964, buƙatar soja aka sa a gaba. Maharbi da maƙerinsa suka ci gaba da zama a gefen doka, ba a kore su ba, ba a kuma rungume su ba.

6.0 Tsibiri da Kewayenta a Yau

Tsibiri tana cikin ƙaramar hukumar Maradun, a yankin da madatsar ruwan Bakolori ta sauya wa fuska tun da aka kammala ta a 1978 a kan kogin Sakkwato. Aikin noman rani na Bakolori ya ratsa Maradun, Talata Mafara da Bakura, ya mai da fadama gonakin shinkafa da alkama da kayan lambu. Manyan namun daji irin su ɓauna da gwanki sun daɗe da janyewa daga inda mutane suka yi yawa. Abin da ya rage wa maharbi shi ne zabo, fakara, zomo, dinya da kirinjijiya a bakin ruwa, sai gadu da biri masu ɓarnar gona. Duk waɗannan ba sa buƙatar raifal mai dogon zango. Bindigar toka ko mai baki ɗaya ta harbin tsuntsu ta ishe su. Ko da doka ta yarda, juyayyen harsashin raifal ba shi da aikin yi a wannan daji.

Amma ruhin juya tsoho ya zama sabo yana nan da ransa a maƙera. Mai zuwa kasuwar Talata Mafara ranar Talata zai ga garma da lauje da gatarin da aka ƙera daga sifirin ɗin tsohuwar mota. Hannun da ya yi wannan shi ne ake kai wa tsohuwar bindigar gado a gyara. Matsalar tana wajen bututu da ɗuri. A duba yadda maharbi ke ɗura bindigar toka: ya zazzago albarushi a tafin hannu, ya kimanta da ido, ya zuba, ya tura tsumma, ya danna da sandar ƙarfe, sannan ya ɗora yatsunsa a kan abin da ya rage na sandar a waje don ya san yawan abin da ya shiga. Ɗurin safe dabam, na yamma dabam. Shi ya sa za ka ga ɗan bindigar sarki ranar salla ya miƙe hannuwansa nesa da jiki, ya kau da fuska kafin ya ja kunama. Wannan tsayuwa gado ce daga iyaye da kakannin da suka ga bututu ya fashe ya tafi da yatsun mutum.

Haɗarin ya ninka idan aka ɗauki bututun da aka yi don ruwa ko don wani sashen mota aka ce zai ci harsashin masana'anta. Rahoton da cibiyar Small Arms Survey ta fitar a 2018 kan ƙera makamai da hannu a Nijeriya ya nuna cewa sana'ar ta yaɗu, tana kuma tashi daga bindigar ɗuri zuwa masu cin harsashin kwanso. Rahoton Conflict Armament Research na 2020, wanda ya binciki makaman da aka kama a Kaduna, Katsina da Zamfara, ya sami ƙirar gida a cikinsu, tare da na masana'anta da suka ɓullo daga Libiya, da rumbunan wasu gwamnatocin yankin, da bindigogin Turkiyya da aka yi fasa-ƙwaurinsu. Gaskiya biyu ke nan da ya kamata a riƙe tare: babban ƙarfin ɗan ta'adda daga makamin masana'anta yake, amma maƙera ma ba ta tsira daga shiga cikin fitinar ba.

Akwai kuma batun dalma. Mutanen Zamfara sun san gubarta fiye da kowa, tun bala'in 2010 da ya kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Sarrafa dutsen zinariya a cikin gidaje ne ya jawo wancan, amma dalmar da ake narkawa don ƙwayar harbi ita ce dai dalmar. Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da ƙwayar dalma tun 1991, Tarayyar Turai ta hana amfani da ita a fadamu daga 2023. Ga mutanen da ke harbin dinya a ruwan da suke kamun kifi suke ban-ruwan shinkafa, wannan magana tasu ce.

7.0 Awo da Gwaji

Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Wannan shi ne ginshiƙin da fasahar juya harsashi ta tsaya a kai. Matsin da ke cikin raifal na zamani lokacin harbi yakan kai kimanin bar 4,000, na bindigar harbin tsuntsu mai lamba 12 yana wajen bar 740, alhali iskar tayar ƙaramar mota ba ta wuce bar 2 zuwa 3 ba. Ido da tafin hannu ba za su iya auna irin wannan ƙarfi ba, komai ƙwarewar mai su.

Turawa ma sun sha fashewar bututu kafin su yi hankali. Birmingham, wadda ta yi suna wajen ƙera bindigogi masu araha don kasuwar Afirka, sai a 1813 aka kafa mata gidan gwajin bindiga da dokar majalisa. A 1914 aka kafa hukumar ƙasa da ƙasa ta CIP, wadda a ƙasashenta ake gwada kowace raifal da harsashin da ya ɗara na yau da kullum matsi da kimanin kashi 25 cikin 100 kafin a buga mata hatimi. Amurka ta kafa SAAMI a 1926 don daidaita ma'auni. P. O. Ackley, wanda ya fi kowa suna a fagen juya harsashi, ya riƙa ƙara wa bindigogi ɗuri da gangan har su fashe don ya san iyakar kowace, ya kuma rubuta abin da ya gani don na baya su amfana. Babu ƙasar Afirka ta Yamma ko ɗaya a cikin CIP. Maƙerinmu yana gwaji shi ma, amma a jikin maharbi ake ganin sakamakon, kuma iliminsa yana bin sa kabari don babu inda aka rubuta.

8.0 Shawarwari

Na farko, a aiwatar da abin da Yarjejeniyar ECOWAS kan ƙananan makamai ta 2006 ta tanada, wato yi wa masu ƙera makamai na gida rajista. A yankinmu hanyar da za ta yi aiki ita ce ta masarautun Talata Mafara, Bakura da Maradun, ta hannun sarakunan maƙera da shugabannin maharba, waɗanda suka san kowa da gidansu. Cibiyar Ƙasa ta Taƙaita Yaɗuwar Ƙananan Makamai, wadda aka kafa a 2021, ita ta fi dacewa ta jagoranci aikin.

Na biyu, bindigogin ɗurin da doka ta yarda da su, na farauta da na hawan salla, a samar musu wurin duba lafiyar bututu da buga lamba a ƙarƙashin 'yan sanda. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara tana kusa, za ta iya ba da gudummawar masana ƙarfe.

Na uku, a tsaya kai da fata a kan haramcin ƙera ko sake cika harsashin raifal a gida. A Yunin 2022 gwamnatin jihar Zamfara ta yi kira ga jama'a su nemi lasisin bindiga don kare kai, hukumomin tsaro na tarayya kuma suka ƙi amincewa. Wannan ya nuna zurfin takaicin da ake ciki, amma yawaitar harsashin da ba a san asalinsa ba zai ƙara wa wutar mai ne.

Na huɗu, a wayar da kan jama'a cewa kwanson da aka bari bayan hari shaida ne. Lambobin gindinsa suna faɗin masana'antar da ta yi shi, sau da yawa har da shekara. A miƙa shi ga jami'an tsaro maimakon yara su tsince su kai wa 'yan gwangwan.

Na biyar, a buɗe wa ƙwararrun maƙera hanyar halal: kwangilar kayan noma da gyaran injinan ban-ruwa a Bakolori, da gurbin koyon aiki a DICON ga matasansu masu hazaƙa. Ɗaliban tarihi da na Hausa kuma su hanzarta naɗar bayanan dattawan maharba da maƙera tun suna raye.

9.0 Kammalawa

Tarihin juyayyen harsashi ya nuna cewa basirar talaka takan zama dukiyar ƙasa idan aka auna ta, aka gwada ta, aka rubuta ta, aka kuma san mai ita. Inda aka bar ta a ɓoye, takan zama nakasa ga mai ita da barazana ga maƙwabcinsa. Yankin Tsibiri ba ya buƙatar sabon harsashi. Yana buƙatar hukuma ta san maƙeransa da maharbansa da sunayensu, ta bambanta su da ɓarayin daji, ta ba hannayensu aikin da zai ciyar da iyali cikin mutunci. Masarautu suna da hanyar isa gare su, makarantunmu suna da ilimin awo, doka kuma ta riga ta ba da dama. Abin da ya rage shi ne waɗannan ɓangarori uku su zauna wuri ɗaya su fara aikin.